Wa Ya Sauke Adon Ƙofa?

Mutanen garin nan ba su da haƙuri da lokaci. Na sauka Kuala Lumpur a farkon Nuwamba, ko kumburin ƙafar da na kwaso a jirgi bai saɓe ba 'yata ta ja ni wani katafaren kanti wai in ga gari, sai na tarar har sun kafa bishiyar Kirsimeti mai tsawon bene uku, sun tula mata auduga a gindi wai ƙanƙara ce, a ƙasar da ko ana ruwan sama gumi kake yi. Na tsaya na riƙe haɓa. Na ce da ita, wa ya girbe me da har aka fara ado? Ta yi dariya ta ce, "Mama, nan ba a girbi lah, sale ake yi, rangwamen kaya." Da Kirsimetin ta zo ta wuce kuwa, ko mako ba a yi ba ma'aikata suka hau tsani suka kwashe komai kamar masu shanyar da suka hango hadari, suka rataya jajayen fitilun sabuwar shekarar Sinawa. Ban ce sun yi laifi ba, garinsu ne. Ni dai abin ya tsaya mini a rai, don a inda na taso ba a sa ado don kalanda ta ce a sa, ba a kuma sauke shi don an gaji da ganinsa.

In ka tambayi matan majami'armu a Kano, za su ce maka na tafi wankan jego, 'yata ta fari ta haihu, mijinta yana karatun babban digiri a jami'ar da ke Jalan Semarak. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Jaririn yana da uwa, ruwan zafi kuma a nan famfo ke bayarwa, ba mai neman tsohuwa ta hura masa wuta. Abin da ya ɗaga ni daga gida Auta ne. Shekara biyar ke nan da muka raka shi filin jirgi zai zo karatu garin nan, shekara biyu kuma ke nan da ya bar makarantar bai gaya mini ba, sai a bakin yayarsa na ji. Tun daga nan ya daina ɗaukar wayata. In na matsa sai ya turo rubutu, yana lafiya, yana aiki, zai kira. Ya san na zo. Gari ɗaya muke kwana muna tashi wata da watanni ban sa shi a ido ba, takardar zamana kuma ƙarshen Janairu za ta ƙare. Wannan ne ya hana ni zama. In shiga kicin, in fito baranda, in leƙa titi daga hawa na goma sha shida, in koma in sake naɗe kayan jaririn da na riga na naɗe. Surukina, bawan Allah mai kunya, har tambayar matarsa ya yi ko kujerun gidan ne ba su yi mini daɗi ba.

Mu Hausawa ne Kiristoci, 'yan wani ƙaramin ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don ko na faɗa ba ka san shi ba. Akwai wata Hajiya maƙwabciyarmu a nan, hawa ɗaya muke, Bakatsiniya ce, mijinta yana koyarwa a jami'ar. Ranar da ta fara jin Hausata rungume ni ta yi, ranar da ta gan ni da Littafi a hannu kuma ta ce, "Iya, da wannan Hausar taki ashe majami'a za ki?" Na ce da ita kakana ma da Hausar nan ya yi noma. Muka yi dariya, tun daga nan ba ta sauke tukunya ba ta aiko mini ba. To a ƙauyen nan namu, Kirsimeti ba ta shigowa sai dawa ta ba ta hanya. Sai an yanke, an ɗaure, damin ƙarshe ya shiga rumbu, an ware na Allah an kai majami'a, sannan Baba zai wanke hannu ya ce, "To, a yi ado." Wata shekarar saura kwana biyar, wata shekarar ana gobe Kirsimeti muke yi a guje. Gidan da ya yi gaggawar sa ado alhali dawarsa tana gona kuwa ya shiga bakin 'yan mata, har waƙa muke yi masa a dandali.

Har yanzu in na yi shiru ina jin kwanakin nan a kunnena. Tun da sassafe taɓare ke amsa wa juna daga gida zuwa gida. Mata su taru su yi daɓen tsakar gida, ana yayyafa ruwan makuba ana bugawa, a gama na wannan a wuce na waccan. Mu 'yan mata aikinmu farar ƙasa, mu ɗebo ta a bakin rafi, mu jiƙa, mu shafe bango da tsumma har hannu ya tsattsage, Inna ta biyo bayanmu tana nuna inda muka tsallake tana cewa bango ba ya ɓoye raggo. Tela ɗaya ne a garin, kekensa ba ya hutawa, kowa yana zuwa leƙa rigarsa kada a zo kanta zare ya ƙare. Ƙararrawar majami'a wani tsohon ƙarfen wilin mota ne da aka rataya a darbejiya, in aka buga shi don matan zumunta su zo gwajin waƙa har awaki sai sun ɗaga kai. Shinkafa kuwa sau ɗaya muke ganinta a shekara, ana tsince ta a faifai kamar ana tsince zinariya. Adon kansa ba wani abu ne da za ka kai kasuwa ba. Reshen dabino ne guda biyu, ɗanye shar, a lanƙwasa su su haɗu a saman ƙofar zaure, a soka musu audugar da muka kalato a gona, sannan a zagaye da sarƙar takarda wadda muke yankawa daga tsofaffin littattafan makaranta, mu rina da shuni da ruwan zoɓo, mu liƙa da ƙaro. In ka matsa kusa kana iya karanta lissafin da wani ya faɗi a jikinta.

Sa shi ba wuya. Sauke shi ne ke da doka, kuma ba a cikin Littafi take ba, ban ma san wanda ya fara ta ba. Samarinmu da yawa suna waje, wasu haƙar kuza, wasu soja, wasu dako a birni, Kirsimeti ce ke tattaro su. Ba kowa ke samun isowa a kan ranar ba, don mota sau ɗaya take shigo mana a mako, ran kasuwa. To muddin akwai ɗan gida da bai dawo ba, ba a taɓa adon ƙofa. Sai ya zo, ya shiga ta ƙarƙashinsa, ya ci tuwon gidansu, sannan a sauke. Saboda haka in ka ratsa garin bayan sabuwar shekara ba sai ka tambayi kowa ba, ƙofofi za su gaya maka gidan da ya cika da gidan da ke jira. Wanda ya sauko daga mota ma tun daga gindin tsamiyar bakin kasuwa yake hango ƙofarsu. In ya ga dabinon nan, ko da ya bushe ya koma ruwan ƙasa, ya san har yanzu ana ajiye masa malmala. In kuwa yana waje aka sauke, to ɗayan biyu ne, ko labarin mutuwarsa ya iso, ko an cire rai da shi.

Shekarar da nake ba ka labari, lokacin na fara ɗaura ɗankwali ina daɗewa a gaban madubi, Yayanmu ya bar gida da faɗa. Tsakiyar damina, ana maimai, ya ajiye fartanya ya ce shi kuza za shi, ya gaji da noman da ko keke ba ya saya wa mutum. Baba ya ce in ya tsallake zauren nan ya bar masa gona a hannu, to ya nemi wani uban a can. Ya tsallake. Inna ba ta da bakin magana, don ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, sai dai "wancan" ko "yaron nan". A gaban mutane ba ta isa ta nuna tana kewarsa ba. Da girbi ya ƙare Baba ya ce a yi ado, ita da kanta ta hau turmi ta ɗaura dabinon, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kuma ɗaure shi da igiya biyu. Kirsimeti ta zo ta wuce, sabuwar shekara ta wuce, gidaje suka yi ta saukewa ɗaya bayan ɗaya, namu yana nan. Baba yana bi ta ƙarƙashinsa safe da yamma, bai taɓa ɗaga kai ya kalle shi ba, bai kuma taɓa cewa a sauke ba. Sai da na tsufa na gane wannan shirun shi ne iyakar sassaucin da zai iya yi.

A shekarar ne aka kawo mana sabon mai bishara, matarsa kuma, da muke kira Malama, ta yi makaranta a birni. Tana da lema, tana da takalmi mai tsini, tana saƙa da kwarashi ba ta ko kallon hannunta. Mu 'yan mata mun mutu a kanta, yadda take tafiya haka muke tafiya, muna tuntuɓe. Wata Lahadi bayan sujada ta tara mu tana koya mana tsabtar gida, sai ta ce a wuraren da kai ya waye kwana goma sha biyu ake yi a sauke adon Kirsimeti, barin busasshen ganye a ƙofa har a doshi Ista ƙazanta ce da ƙauyanci. Ba da mugunta ta faɗa ba, baƙuwa ce, ba wanda ya gaya mata yadda muke yi. Amma duk 'yan matan suka juyo suka kalle ni, don ƙofarmu ce kaɗai ta rage, wata har ta toshe baki tana dariya. Sannan Malama ta ce ranar Talata gidanmu za ta zo koyar da saƙa, tunda zaurenmu ya fi faɗi.

Na san dokar sarai, ba zan ce ban sani ba. Na dai ce a raina wata biyu ke nan, da mai zuwa ne da ya zo. Ranar Litinin Inna ta tafi itace, Baba yana fadama, na mirgino turmin nan na hau. Igiyar Inna ta ƙi kwancewa sai da na sa wuƙa. Na kakkarya dabinon na cusa a murhu, ya kama nan take yana fat-fat, takardun suka bi shi. Na share ƙofar tas, har ruwa na yayyafa.

Inna ta dawo da itace a ka, ta tsaya a bakin zaure ba ta sauke ba.

"Wa ya sauke adon ƙofa?"

"Iska ce ta kayar, Inna, awaki suka ja."

Ta ɗaga kai ta dubi guntun igiyar da ya rage a jikin azara. Yankan wuƙa ne, ko makaho ya shafa ya sani. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta shige. Da la'asar na ga ta ɗauki lauje ta nufi ƙofa, Baba yana zaune a kan tabarma yana gyaran igiyar guga.

"Ina za ki?"

"Zan samo wani in mayar."

"Bar shi. Tunda ya sauka, ya sauka."

Ta ajiye laujen. Ba ta gaya masa ni ce ba, ba a ranar ba, ba kuma daga baya ba. Washegari Malama ta zo, ta yaba tsabtar ƙofarmu a gaban ƙawayena, na ji kaina ya yi girma. Ranar na koyi saƙar hular jariri, har yau na iya ta.

Ran kasuwar da ta zagayo, rana ta karkata, sai ga tsohuwar da ke sayar da daddawa a gindin tsamiya ta shigo gidanmu tana haki, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta ce da Inna, "Ɗanku ya zo." Inna ta miƙe zumbur, zanenta yana kwancewa. Tsohuwar ta ce, "Ya zo ya koma." Wai ya sauko daga mota da akwatin ƙarfe a ka da turmin atamfa a hammata, ya zo gindin tsamiyar ya tsaya yana kallon ƙofarmu. Ya daɗe a tsaye. Ta ce masa, "Ƙarasa mana, ɗan nan, ga gida can." Ya ce, "Iya, na ga an sauke." Ita ta ɗauka fushi ne na ɗan lokaci, ta juya tana sallamar masu saye, ko da ta waiwayo motar ta gama lodi ya haye. Inna ta zauna a ƙasa, nan inda take tsaye. Baba ya ɗauki fartanya ya fita, a tsakiyar rani, ban san abin da ya je nomewa ba. Ni kuwa ina bayan rumbu, na cusa ɗankwalina a baki.

Abin da ke cina har yau shi ne, motar nan tana dawowa kowane mako, hanyar kuza kuma ba ɓoyayya ba ce, akwai 'yan garinmu a can. Ba wanda ya bi shi. Baba girma ya hana shi, Inna kunyar ɗan fari ta hana ta, ni tsoro ya hana ni buɗe baki. Daga shekarar Inna ba ta ƙara sauke adon ƙofa ba, sai dai in wata Kirsimetin ta zo ta cire tsoho ta ɗaura sabo. Ta yi ta ɗaurawa har ƙarfinta ya ƙare, wanda ake ɗaura wa bai ƙara zuwa gindin tsamiya ba balle ya gani. Sai ranar jana'izarta na sake ganinsa, da furfura a gemu da 'ya'yan da ba su san sunanmu ba. Na kawo masa ruwa, ya karɓa ya ce, "Ƙanwata, kin girma." Na buɗe baki zan gaya masa, abin da ya fito shi ne sannu da hanya. Shi ma yanzu ya daɗe a ƙasa.

Da na yi aure muka koma Kano, sai na bi yayi. Ado na roba muke saye a kasuwa, mai ƙyalƙyali, yara su rataya ranar da aka ba su hutu, in sauke ranar da na tuna. Ban koya wa ko ɗayansu dokar ƙauyenmu ba. In na koya musu za su tambayi dalili, in suka tambayi dalili kuma labarin zai kai ga turmi da wuƙa, ni kuwa ban shirya ba. Na ce a raina ai abin ƙauye ne, zamani ya wuce shi, yanzu ga waya a hannun kowa, wa zai tsaya karanta ƙofa? Ashe wayar ma sai mutum ya ga dama yake ɗauka.

To a bana, a garin mutane, da na ga Disamba tana tafiya Auta bai zo ba, sai abin ya taso mini. 'Yata tun Nuwamba ta kafa 'yar bishiyarta ta roba a falo, ban tanka ba. Saura kwana uku Kirsimeti na ƙwanƙwasa wa Hajiya na ce ta raka ni neman reshen dabino. Ta yi ta dariya, ta ce nan dabino a kwali yake zuwa, amma ta sa hijabinta muka tafi kasuwar Kampung Baru. Can muka sami wata mata mai sayar da ganyen kwakwa, irin wanda suke naɗe shinkafa da shi, na nuna mata tsawon da nake so da hannu, ta ce, "Boleh, boleh," wato ba matsala. Ƙofar gidanmu a nan ba ta kallon ko'ina sai wata ƙofar, saboda haka a ƙarfen baranda na ɗaura, wajen da ke fuskantar titi. Na soka masa audugar jariri, na yanka takardun da surukina ya zubar na yi sarƙa. Ranar Kirsimeti na dafa shinkafa yadda Auta ke so, da ɗan ƙanzo, na zauna inda nake ganin ƙofa. Duk lokacin da lif ya yi ƙara sai na gyara ɗankwali. Bai zo ba. Sabuwar shekara ma haka.

A ƙauyenmu ganye bushewa yake yi da mutunci. A nan kullum la'asar sai an yi ruwa, cikin mako biyu abin ya yi baƙi, ya fara wari, takardun suka narke suka manne da ƙarfe. Masu kula da ginin suka zura takardar gargaɗi ta ƙarƙashin ƙofa, wai ba a rataya komai a baranda. Surukina ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ce da ni ba komai ba ne, tallar intanet ce. 'Yata kuwa ranar da aka cika kwana goma sha biyu cif ta naɗe bishiyarta ta mayar kwali, na kalle ta na tuna mai lema. Ni dai kullum ina baranda, in ga wani dogo baƙi ya sauko daga bas gabana ya faɗi, in bi shi da ido har ya shige wani ginin. Abinci ya daina shiga. Na tsani garin, na tsani tsayin benen, na tsani ruwan da ba ya jin lokaci.

Ranar Laraba da safe, jirgina kuma Asabar, sai ga 'yata ta fito baranda da almakashi.

"Mama, please, ki bari in cire abin nan. Notice na biyu ke nan daga management. Ya ruɓe, sauro yake tarawa, ga baby."

"Kada ki taɓa shi."

"To sai yaushe? Kirsimeti ta wuce da wata guda fa."

"Sai ɗan'uwanki ya zo."

Ta tsaya tana kallona. "Me ya haɗa zuwansa da ganye?"

Ban yi niyya ba, amma sai na ji bakina ya buɗe. Na gaya mata duka, dokar, da Yaya, da Malama, da turmi, da wuƙa, da abin da ya ce da mai daddawa. Tun da aka yi abin ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mahaifinsu ya rasu bai sani ba. Ta ajiye almakashin a kan injin wanki, ta zauna a dakalin ƙofa tana share ido da gefen rigarta. Can ta ɗago.

"Mama, to ai shi bai san wannan ba. Ni ma yau na fara ji. Ko ya bi ta titin nan ya ɗaga kai, hawa sha shida ne, shanya zai ɗauka. In ma ya gane, cewa zai yi Mama ta manta ba ta cire decoration ba."

Na ji kamar ta watsa mini ruwan sanyi. Wata guda ina ta kiran yaro da yaren da ni kaɗai na rage mai jin sa, kuma ni ce na hana su koya. Haushi ya kama ni, ba nata ba, nawa. Na ratso teku na zo har garin da ɗana yake, sannan na ɗaura ganye na zauna ina jira, daidai yadda Baba da Inna suka zauna.

"Kin san inda yake?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya sa na yi masa alkawari, Mama."

"Ni na haife ku ku biyun, na warware. Ina yake?"

"Chow Kit. Wani kedai ne, ɗan shago a saman bene, abincin gida suke sayarwa. Shi ke musu girki."

"Goya yaron."

Rana tsaka muka isa. Kasuwa ce irin wadda na sani, ƙarnin kifi, ƙasa a jiƙe, kaji suna kuka, masu kaya suna ta kira da harsunan da ba na ji. Muka bi wani lungu, muka hau wata matattakala mai ƙunci, gwiwoyina suna ƙara, ƙamshin daddawa yana saukowa yana tarye mu. Wasu samari 'yan gida suna cin abinci suna hayaniya, wani yana cewa a yi masa tapau biyu, wato a ƙunsa masa ya tafi da shi. Ta wata 'yar taga na hango kicin. Ya ba mu baya yana tuƙa tuwo, amma ƙeyar ɗana ba ta ɓace mini. Ya rame. Ban jira an ce in shiga ba.

Ya juyo da muciya a hannu. Ya kalle ni, ya kalli yayarsa, sai ya durƙusa a jiƙaƙƙen simintin nan.

"Mama. Sannu da zuwa. Ya hanya?"

Shekara biyu ina tara faɗan da zan yi masa, na neme shi na rasa.

"Tashi, tuwonka zai kama."

Bai tashi ba. "Mama, ban gama makarantar ba."

"Na sani."

"Ban san da wane ido zan kalle ki ba."

"Da waɗanda na haife ka da su. Tashi mu je gida."

Ya miƙe yana goge hannu a tsumman da ya ɗaura a ƙugu. "Zan zo, Mama, Allah zan zo. Yanzu lunch time ne, ni kaɗai ne a kicin. Ran Lahadi ina off, tun safe zan zo."

"Jirgina Asabar ne."

Ya dubi yayarsa, ta ɗaga masa kai. Ya dubi tukunyar. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya kashe gas, ya kwance tsumman, ya leƙa ya ce da matar da ke da wurin, "Madam, abeg, my mama come."

Muka tare tasi. Da muka sauka a bakin ginin sai tafiyarsa ta fara sanyi, ya ɗaga kai ya kalli tsayin benen, ya kalli rigarsa mai tabon manja, ya tsaya.

"Mama, ko dai in je in yi wanka in canza kaya, sai in dawo da yamma?"

Na san wannan tsayuwar, duk da ban ga ta farkon da idona ba. Na kama gefen rigarsa na naɗe a hannuna. Ban sake shi a gaban mai gadi ba, ban sake shi a cikin lif ba, mutane suna kallon tsohuwa riƙe da ƙaton saurayi, ban damu ba. Sai da ya shiga, ya zauna, na zuba masa abinci da hannu ɗaya, ya kai loma baki, sannan na ji yatsuna sun saki.

'Yata ta leƙo daga baranda da almakashi a hannu, ta ɗaga mini gira.

Na ce, "Bari ya haɗiye tukuna."